Yadda Ake Tuƙi a Arewacin Norwe Lokacin Guguwar Dusar Ƙanƙara ta Ƙarshen Sanyi

Ɗalibai da ma'aikatanmu da ke zaune a Tromsø, Bodø, Alta da Hammerfest, da masu kai musu ziyara, sun sha yin tambaya iri ɗaya: idan Afrilu ya kama, rana ta yi tsawo, titin cikin gari ya bushe, mutum zai iya ɗaukar mota ya kama hanyar wani gari hankali kwance? Hasken ne ke ruɗar baƙo. A Tromsø, daga wajen 20 ga Mayu rana ba ta faɗuwa sam, amma dusar ƙanƙara mafi zurfi da aka taɓa aunawa a garin, santimita 240, ranar 29 ga Afrilu 1997 aka auna ta. Daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, iska mai sanyi daga arewa takan bi ta kan teku mai ɗan ɗumi, ta kwaso danshi ta juye shi a gaɓa da kan duwatsu, wani lokaci cikin ƙasa da awa guda bayan sararin sama yana garau. Ga matakan da ake bi, a jere yadda ya kamata a yi su.

1. Fara da taya

A jihohin Nordland, Troms da Finnmark, doka ta yarda da taya mai ƙusoshi daga 16 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. A cikin wannan lokaci zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 3. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da doka za ta lamunta, amma ga mai hawa duwatsu a narkakkiyar dusa, tayar da ta sauka ƙasa da milimita 5 ta fara gajiya. Ana sayar da ɗan ma'aunin zurfi a shagunan kayan mota da kuɗi kaɗan. Auna kowace taya a wuri uku, gefe da gefe da tsakiya.

Duba jikin tayar ka nemi alamar dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusa a ciki. Ka nemi kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Robar tayar sanyi tana taurara da tsufa, kuma wadda ta haura shekara shida ko bakwai ba ta kama ƙanƙara yadda ya kamata ko da zanenta na nan. Idan masu ƙusoshi ne, dole su kasance a ƙafa huɗun duka.

Gargaɗi: kada ka yi gaggawar komawa tayar bazara don kawai 1 ga Mayu ta zo. Dokar ta ɗora wa direba alhakin tabbatar da cewa tayarsa ta dace da hanyar da zai bi, ko wace rana ce, kuma an yarda a ci gaba da amfani da masu ƙusoshi bayan wa'adin idan yanayin hanya ya buƙaci haka. Wanda ya karɓi motar haya a Oslo ko Trondheim ya ƙara kula, domin a kudu wa'adin ƙusoshi yana ƙarewa ne kamar mako guda bayan bikin Ista, saboda haka ana iya miƙa maka mota da tayar bazara alhali dutsen Saltfjellet na gabanka. Faɗa musu inda za ka, ka duba tayar da idonka kafin ka sa hannu.

Kuɗi: sauya taya a gareji yakan kama tsakanin kroner (kuɗin Norwe) 500 zuwa 900. Sabbin tayoyin sanyi huɗu na ƙaramar mota sukan fara daga wajen kroner 5,000, masu kyau su kai 10,000.

Lasin da aka samo a wajen ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai, irin na Najeriya, Nijar ko Ghana, wata uku kawai yake aiki bayan shigowa ƙasar. Tabbatar naka bai wuce wa'adi ba, don idan an yi hatsari batun inshora zai taso.

2. Kayan da za su kwana a mota

Doka ta wajabta abu biyu: rigar gargaɗi mai ƙyalli, wadda za a ajiye inda hannun direba zai kai ba sai ya fita ba, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Sauran hankali ne ya wajabta su:

Shebur mai bakin ƙarfe. Na roba zalla yana karyewa a dusar da iska ta daddale.
Buroshin share dusa da abin kankare gilashi.
Igiyar jan mota. Nemo ƙugiyar da ake ɗaurawa a gaban motar tun kana gida. A yawancin motoci tana cikin but, kusa da jak, kuma sai an buɗe wani ɗan murfi a bamba kafin a murɗa ta.
Wayoyin tayar da batir.
Tocila, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, da batir na ajiya.
Bargon ulu ko jakar barci ga kowane mutum.
Filas na shayi mai zafi, ruwan sha, da abincin da ba ya buƙatar dafawa: dabino, gyaɗa, burodi, cakulan. A lissafa na yini guda cur ga kowa.
Cajar waya da batirin ajiya. A sa shi a aljihun ciki, don sanyi na zuƙe caji.
Maganin duk wanda ke shan magani kullum, da madara da kunzugun jariri idan da yaro.

Ruwan wanke gilashi ya zama na sanyi, wanda aka rubuta yana jure aƙalla digiri 15 ƙasa da sifili, ka kuma riƙe galan guda na lita 4 a but. A wannan lokaci na shekara tireloli suna watsa laka mai gishiri, kuma tafiyar awa biyar na iya shanye tankin ruwan gaba ɗaya. Wanda ya zuba ruwan famfo zalla, bututun zai daskare a kan dutse, gilashi ya dushe ba abin wankewa.

A shaguna irin Biltema ko Jula, kayan motar nan gaba ɗaya, ban da barguna, ba su cika wuce kroner 1,500 ba. Duba kuma ko inshorarka ta haɗa da janwe, ko kana da rajista da masu kai ɗauki a hanya irin NAF ko Viking. Janyo mota daga kan dutse ba tare da wannan ba dubban kroner ne.

3. Sutura

Sa kaya kamar wanda zai tsaya a waje awa guda, ko da kana sa ran ba za ka fito daga mota ba. Hawa uku ake yi: ulu a jikin fata, rigar ulu mai kauri a tsakiya, sannan riga da wando masu tare iska da ruwa a waje. Auduga ba ta da wuri a nan, domin tana riƙe gumi ta manne a jiki ta janye ɗumi. Hula mai rufe kunne, safar hannu mai kauri, safar ƙafa ta ulu guda biyu, da takalmi mai tsawo wanda bai matse yatsu ba. Kayan su kasance a kujerar baya. Idan suna cikin but, buɗe shi a tsakiyar guguwa zai cika motar da dusa, kai kuma ka jiƙe kafin ka sa su.

4. Duba abubuwa huɗu, a wannan jeri

Ana yin wannan sau biyu: da daddare kafin tafiya, da kuma minti talatin kafin tayar da mota. Wanda aka yi da safe shi ne abin dogaro.

Na farko, hasashen yanayi a Yr, na hukumar yanayi ta ƙasar da gidan rediyo da talabijin na NRK. Kuskuren da aka fi yi shi ne duba garin tashi da garin sauka kawai. Rubuta sunan wuri mafi tsayi a hanyar: Saltfjellet mai tsayin mita 692 a kan babbar hanyar E6, Bjørnfjell a kan hanyar E10 wajen iyakar Suwidin, Sennalandet tsakanin Alta da Skaidi, Hatter tsakanin Skaidi da Olderfjord, Ifjordfjellet a gabashin Finnmark. Sennalandet bai kai mita 400 ba, amma fili ne fetal ba itace, iska na yin yadda ta ga dama, shi ya sa yake cikin hanyoyin da aka fi rufewa.

Ana ba da ƙarfin iska da mita a daƙiƙa. Ninka da 3.6 ka sami kilomita a awa. Lambar farko matsakaicin ƙarfi ce, wadda ke cikin baka ita ce bugun da ke zuwa farat ɗaya, kuma ita ce ke ture mota. Sunayen da za ka ji a rediyo su ne: liten kuling daga mita 10.8, stiv kuling daga 13.9, sterk kuling daga 17.2, liten storm daga 20.8, full storm daga 24.5, sterk storm daga 28.5, orkan idan ta haura 32.6. Idan akwai sabuwar dusa marar nauyi a ƙasa, mita 10 zuwa 12 ma sun isa su tashe ta ta rufe ido a kan dutse, ko da ba a zubar da komai daga sama. Daga stiv kuling zuwa sama, sa a ranka za a iya rufe hanya ko a koma ayari, wato tafiya a jere bayan motar share dusa.

Kula da inda iskar ta fito. Ta arewa da arewa maso yamma ita ke kawo dusa a yanki-yanki: minti ashirin ba ka ganin komai, sai rana ta fito, sai wani yankin ya iso. Taswirar rada a Yr na nuna su kamar tabo-tabo suna tahowa daga teku. Ta kudu maso yamma kuwa ɗumi da ruwan sama take kawowa, kuma ruwa a kan daskararriyar hanya ya fi komai santsi.

Gargaɗi: idan ka ga an rubuta polart lavtrykk, ɗage tafiyar bakin teku. Ƙaramar guguwa ce da ke haɗuwa a kan teku idan iskar yankin ƙanƙara ta hau ruwa mai ɗumi. Faɗinta 'yan ɗaruruwan kilomita ne, ba ta cika wuce kwana ɗaya ko biyu ba, kuma tana da wuyar hasashe daidai. Iska kan tashi daga lumana zuwa guguwa cikin mintoci, tare da dusa mai yawa. Ana samunta har cikin Afrilu da Mayu. Alamomin gargaɗi launi uku ne, rawaya, ruwan lemo da ja. A rawaya direban da ya saba yana iya fita da shiri; sabon shiga ya jira. A ruwan lemo da ja, kowa ya zauna.

Na biyu, halin hanya daga hukumar hanyoyi, Statens vegvesen. Akwai manhajar Vegvesen trafikk, akwai lambar waya 175. Sanarwar takan zo da harshen ƙasar, don haka riƙe waɗannan: stengt, an rufe, kolonnekjøring, sai a ayari, kan bli stengt på kort varsel, ana iya rufewa ba da dogon gargaɗi ba, redusert sikt, ba a gani sosai, glatt, santsi, fare for skred ko fare for ras, haɗarin zaftarewa, ny vurdering, lokacin da za a sake duba lamarin. Wannan na ƙarshe lokacin sake shawara ne kawai, ba alkawarin buɗewa ba. Buɗe kyamarorin hanya da ke cikin manhajar ka ga wurin da idonka. Idan hoton fari ne fat, ba ka ko ganin sandunan gefen hanya, ka sami amsarka.

Na uku, haɗarin zaftarewar dusa a shafin gargaɗi na Varsom, mai mataki 1 zuwa 5. Yawancin mutane suna ɗauka na masu wasan zamiya ne a kan tsauni, alhali hanyoyi da yawa a Lyngen, Kvaløya, Senja da Lofoten a gindin tsaunuka masu tsayi suke bi. Ranar 31 ga Maris 2023, zaftarewa a wurare uku a Troms ta kashe mutum huɗu, biyu daga ciki a tsibirin Reinøya inda dusar ta tafi da gida zuwa cikin teku. Daga mataki na 3, duba ko hanyarka na da wuraren da aka sa wa alama. A mataki na 4, dusa na iya zaftarowa da kanta har ta kai titi. A ƙarshen sanyi haɗarin yakan ƙaru da rana tsaka zuwa la'asar, lokacin da rana ta jiƙa dusar gangaren da ke fuskantar kudu, da kuma duk ranar da ruwan sama ya sauka a kan sabuwar dusa.

Na huɗu, jiragen fito. Kalmar innstilt na nufin an soke tashi. A duba shafin kamfanin da ke gudanar da mashigar, ko manhajar hukumar hanyoyi.

5. Yanke shawara

Idan biyu daga cikin huɗun nan sun nuna matsala, fasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma kwana ɗaya a otal, kroner 1,200 zuwa 2,000, bai kai kuɗin gyaran bamba ɗaya ba. Masu ɗaukar aiki da makarantu a arewa sun san rufewar hanya. Kira su da wuri ka faɗa.

Idan za a tafi, ƙara rabin lokacin da taswirar waya ta nuna. Alta zuwa Hammerfest kimanin kilomita 140 ne, awa biyu da 'yan mintoci a rana mai kyau, amma jiran ayari kaɗai na iya cin awa uku. Cika tanki a gidan mai na ƙarshe kafin hawa dutse, kada ya sauka ƙasa da rabi. Mai motar lantarki ya cire aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu daga nisan da allo ya nuna, ya yi caji sosai kafin shingen da ake tare hanyar dutse da shi, don na'urar ɗumama mota na ci ko ana tsaye. A gidan man nan ne kuma ya kamata a kewaya, a yi alwala. Jiƙa hannu da fuska a waje cikin iska mai sanyi na saurin jawo daskarewar fata. Faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa.

6. A kan hanya

Share dusa daga motar duka: rufi, bonet, fitilu, lamba. Wadda aka bari a rufi takan zamo ta rufe gilashin gaba a birkin farko. Fitilun gaba a kunne suke dare da rana a Norwe, amma a motoci da yawa fitilar rana ba ta kunna na baya, don haka murɗa makunnin zuwa ƙaramar fitila da hannunka. A cikin dusa mai zuba, babbar fitila na dawo maka da haske a ido.

Da ka fita gari, a miƙaƙƙen wuri da ba kowa a bayanka, taka birki a gudun kilomita 30 ka ji yadda taya ke kamawa. Maimaita duk lokacin da launin titi ya sauya. Titi baƙi mai ƙyalli wanda taya ba ta yin ƙarar ruwa a kansa ƙanƙara ce. An fi samunta da sassafe bayan dusar da ta narke jiya ta daskare da dare, a kan gadoji, a inuwar dutse, da bakin hanyoyin da aka fasa cikin dutse. Ma'aunin zafi a mota idan yana tsakanin 3 sama da sifili da 3 ƙasa da shi, nan ne santsi ya fi muni.

Iyakar gudu a wajen gari kilomita 80 ce idan ba a sa wata alama ba, amma ta busasshen titi ce. Idan ka ninka gudu, nisan tsayawa yana ninkuwa huɗu. Bar tazarar daƙiƙa shida ko fiye tsakaninka da na gaba. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. A gangara sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar. Kashe na'urar riƙe gudu.

Narkakkiyar dusa ita ce matsalar Afrilu. Takan taru a tsakiyar titi da tsakanin sawun tayoyi, kuma da taya ɗaya ta shiga cikinta sai ta fizgi motar gefe. Tsaya cikin sawu, ka haƙura da wuce na gaba. Idan jerin motoci ya taru a bayanka, nemi wurin ratsewa da aka share ka ba su hanya. Kada ka ratse a gefen da ba a share ba: abin da ke kama da kafaɗar titi sau da yawa kwalbati ne da motar shara ta cike da dusa.

Idan mota ta fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, taka kuloci idan mai giyar hannu ce, kalli inda kake son zuwa ka juya sitiyari can a hankali. Idan tsayawa ta zama dole, danne birki da ƙarfi ka riƙe. Karkarwar da za ka ji a ƙafa aikin ABS ne, na'urar da ke hana taya kullewa, kada ka saki.

Idan iska ta tashi dusa, abin yakan yi kama da ƙurar hunturu mai kauri a hanyar Zinder, sai dai nan ƙasa da sama duk fari ne, ba ka bambance titi da rami. Bi sandunan nan masu launin ja ko lemo da aka kafa a gefen hanya, daga ɗaya zuwa ta gaba. Kunna fitilar hazo ta baya. Kada ka tsaya cak a tsakiyar titi muddin kana ganin sanda ɗaya a gabanka, don tirela ko motar shara na iya tahowa a baya.

A Afrilu da Mayu makiyayan Sami, ƙabilar asali ta yankin, ke kora garken barewarsu daga cikin ƙasa zuwa gaɓar teku, dabbobin kuma suna son tsayawa a titi. Idan ka ga ɗaya, akwai wasu. Wanda ya buge dabba wajibi ne ya sanar da 'yan sanda a 02800, ko da dabbar ta tashi ta gudu.

7. Gadoji, gaɓa da fito

Iska ta fi bugu a wuri uku: kan gada, fitowa daga cikin dutse, da bakin kwarin da ya buɗe zuwa teku. Riƙe sitiyari da hannu biyu, rage gudu tun kafin ka iso. Gadar Gimsøystraumen a Lofoten da ta Tjeldsund suna cikin waɗanda ake rufewa idan iska ta yi yawa, wasu kuma na da allo mai nuna ƙarfinta da jar fitila. Mota mai tsayi, mai akwati a rufi, ko mai jan tirela ta fi saurin tuntsurewa. Cire akwatin rufi idan ba dole.

Wajen fakin, fuskanci iska da gaban mota, ka riƙe ƙofa da hannu biyu, mutum ɗaya ya fita a lokaci guda. Iskar da ta zo ta baya tana fizge ƙofa ta lanƙwasa maƙalanta. Kada a je kan shingen tashar jiragen ruwa ko duwatsun gaɓa don ɗaukar hoton igiyar ruwa. Ruwan tekun a wannan lokaci digiri kaɗan ne sama da sifili, kuma wanda ya faɗa hannuwansa kan daina aiki cikin 'yan mintoci. Idan guguwa ta haɗu da cikar teku a kwanakin tsayuwar wata ko cikarsa, ruwa na hawa titunan da ke ƙasa-ƙasa.

Fiton Bodø zuwa Moskenes ya haura awa uku a buɗaɗɗen ruwan Vestfjorden, kuma ana yawan soke shi a iska mai ƙarfi. Madadinsa shi ne bin E6 zuwa Bognes, a haye zuwa Lødingen cikin kamar awa guda, sannan a bi E10. Hanyar ta fi tsawo sosai, a sake duba mataki na 4 a kanta. A cikin jirgi ja birkin hannu, bar mota a giya, ka hau ɗakin fasinjoji.

8. Tafiya a ayari

Idan hanya ta yi muni amma ba a rufe ta gaba ɗaya ba, ana sauke shinge a tara motoci, motar share dusa ta shige gaba, wata motar ma'aikata ta biyo baya. Kilomita 13 na ƙarshe zuwa Nordkapp, can ƙuryar arewa, ma akan bi su haka a lokacin sanyi.

Tsaya a layi a bayan shingen. Ma'aikatan suna ƙidaya mutane, domin akwai iyakar adadin da za su iya cetowa idan ayarin ya maƙale, saboda haka ba lallai ka shiga na farko ba. Suna da ikon hana duk motar da suka ga ba ta shirya ba. Wani lokaci manyan motoci da suka haura tan 7.5 kaɗai ake bari. Kada ka yi musu, kada kuma ka kewaye shinge ko da ka ga sama ta washe a inda kake. Abin da ke kilomita goma gaba su suka sani.

Yayin jira, sa kayan sanyinka duka, kawo shebur, tocila da abinci cikin mota, share fitilun baya. Kafin a tashi, rage zafin iskar da ke bugun gilashin gaba. Gilashi mai zafi na narkar da busasshiyar dusa, ruwan ya daskare a kan waifa, ta koma sandar ƙanƙara da ba ta share komai. A gilashi mai sanyi dusar wucewa take yi.

Da an tashi, kunna fitilun gargaɗi huɗu da ta hazo. Kada motar gabanka ta ɓace maka, kada kuma ka manne mata. Riƙe gudu ɗaya, ba taka-saki ba, don duk giɓin da ka bari iska na cike shi da dusa ga na bayanka. Ba a wuce wani, ba a juyawa, ba a tsayawa ɗaukar hoto.

Gargaɗi: idan ayarin ya tsaya, ko ka daina ganin na gaba, ko ka maƙale, zauna a cikin mota da fitilu a kunne. Ma'aikatan sun san adadinku, za su zo. Wanda ya fita yana iya ɓata a taku kaɗan daga motarsa, ko wata mota ta buge shi.

9. Idan ka maƙale kai kaɗai

Idan ana gani kuma taya ce kawai ta nutse, sa rigar ƙyalli, kunna fitilun gargaɗi, kai alamar kusurwa uku nesa, mita 150 idan hali ya yi. Haƙe dusa a gaban tayoyi da bayansu da ƙarƙashin cikin motar, wanda shi ne yawanci ke ɗage ta. Miƙe sitiyari, sa giya ta biyu, ba da wuta kaɗan-kaɗan, gaba da baya. Shimfiɗar ƙafa ta roba a ƙarƙashin tayar da ke ja tana taimakawa. Murza taya da ƙarfi na goge dusa ta zama ƙanƙara, motar ta ƙara nutsewa. Yi aikin a hankali, don gumi a cikin kaya sanyi ne daga baya.

Idan ba a gani, kada ka fita neman taimako. Kira 175 ka faɗi lambar hanya da wurin da ka wuce na ƙarshe. Idan rai na cikin haɗari, 112 'yan sanda, 113 motar asibiti, 110 'yan kwana-kwana. Manhajar Hjelp 113 na aika wurin da kake idan ka kira ta cikinta. Sauke ta tun a gida. Rage hasken waya, ka daina kiran da ba dole ba.

Kunna inji kamar minti goma a kowace awa. Kafin kowane kunnawa tabbatar bakin salansa a buɗe yake, ka haƙe kewayensa kana dafe da jikin motar. Salansar da dusa ta toshe na mayar da hayaƙi mai guba cikin mota, ba shi da wari, alamarsa ciwon kai, jiri da barci. Sauke gilashi ɗan yatsa ɗaya a gefen da iska ba ta bugu. Mutum ɗaya ya kasance a farke kullum. Ku matsu wuri guda, yara a tsakiya, a ɗaga ƙafa daga daɓen mota, a ci abinci a sha abu mai ɗumi. Kada a ci dusa don ƙishirwa.

Fatar da ta yi fari ta mutu, a kunci, hanci ko yatsu, a ɗumama ta da fata mai ɗumi, hannu a hammata, ba a murzawa. Wanda ya fara magana a harɗe, ko ya daina rawar sanyi alhali bai ji ɗumi ba, jikinsa ya yi sanyi ƙwarai: a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a naɗe shi, a kira 113 nan take.

Idan dusa ta zaftaro ta tare hanya a gabanka, kada ka fita dubawa, domin wata na iya biyowa ta wuri ɗaya. Koma da baya har ka fita daga gindin gangaren, tsayar da masu zuwa, kira 175, ko 112 idan ana zaton ta rufe wani.

10. Bayan isa

Sanar da wanda ka bar wa saƙo. Fasa dusar da ta taru a ramin tayoyi da cikin rim kafin ta daskare da dare. Ita ce ke sa sitiyari karkarwa washegari, har ta hana taya juyawa. Kada ka yi fakin a ƙarƙashin rufin gida mai gangara, don a ranakun narkewa dusa da ƙanƙara na suɓucowa da nauyin da ke lotsa mota. Kada kuma ka bar ta inda motar shara za ta bi da asuba. A wuri mai daidai bar ta a giya maimakon birkin hannu, wanda kan daskare bayan tafiya cikin laka. Ɗaga waifa daga gilashi, goge robar ƙofofi ta bushe, shigar da barguna da jiƙaƙƙun kaya cikin gida, sannan ka cika tanki da ruwan gilashi tun yau idan gobe za ka koma ta hanya ɗaya.